Tabar Kuba da karan ɗan tireda

Masu bibiyarmu na cikin garin Zuru, na Dabai, na Ribah, na Mahuta, da 'yan gida da ke karatu ko neman abinci a Birnin Kebbi, Sakkwato da Abuja, sannunku da ƙoƙari. Ga shirin a rubuce, saboda waɗanda data ta hana su saurare.

Yau maganar taba za mu yi. Kwanan nan wasu bidiyoyi sun cika TikTok da Instagram. Za ka ga mutum a kujerar fata, gabansa akwatin katako, ya zaro wata ƙatuwar taba mai ruwan ƙasa kamar guntun rogo, ya shinshina, ya datse bakinta, ya kunna, ya lumshe ido. Sai ya ce wannan tana ƙanshin kofi, waccan tana ƙanshin itace, ya ba kowacce maki. Matasa da yawa sun turo mini tambaya iri ɗaya: wai gaskiya ne wannan ba ta cutarwa, tunda ba a haɗiye hayaƙinta? Wani ma ce mini ya yi ai ganye ne zalla, ta manyan mutane ce. To, "kar ku sha" dai kun ji shi a gida, kun ji a masallaci, kun ji a coci. Ni so nake mu san mene ne abin tukuna.

Siga ake ce mata, ba sigari ba, ba kuma sikarin shayi ba. Don kada mu rikice zan riƙa ce mata tabar Kuba, ko da yake ana yin ta a Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominika da Honduras. Wadda ta fi suna daga yankin Vuelta Abajo take fitowa, a lardin Pinar del Río da ke yammacin Kuba. Idan an yanko ganyen ana rataye shi a rumfa ya bushe, sannan a tara shi tsibi-tsibi ya ɗau zafi da kansa, kusan yadda iyayenmu mata ke rufe kalwa ta zama daddawa. Daga nan a ajiye shi, wani har shekaru. Wajen naɗi kashi uku ne: ganyen ciki, ganyen da ke ɗaure shi, sai ganyen waje mai santsi da ake sa mata kamar riga. Da hannu ake naɗawa. Cohiba, wadda kuka fi gani a bidiyo, an fara yin ta ne a 1966 domin Fidel Castro da baƙin gwamnatinsa, sai a 1982 aka fara sayar wa kowa.

Masu ɗanɗanawa kuma suna da ƙa'idarsu. Suna duba rigar ko ta tsage, su matsa da yatsa su ji ko naɗin ya yi daidai, su ja iska kafin a kunna, su duba yadda toka ke riƙewa. Suna raba karan gida uku, wai ɗanɗanon farko daban, na tsakiya daban, na ƙarshe ya fi ƙarfi. Kara ɗaya yana iya cin awa guda ko fiye. Gaskiya ban raina aikin hannun ba, sana'a ce ta gado kamar ƙira ko jima. Kuɗin ne dai abin tsoro: akwai karan da idan ka mayar da dalarsa naira zai haura mafi ƙarancin albashin naira 70,000.

Ni na taɓa riƙe ta sau ɗaya. Wani abokinmu ne ya dawo daga Abuja da hunturu, ya zo majalisa da guda biyu cikin akwati mai murfin gilashi, ya ce yau za a yi kwatance irin na bidiyo. Abin da bai sani ba, tabar nan ana ajiye ta ne a akwati mai riƙe danshi, wajen kashi 70 cikin ɗari. Iskar hunturun Zuru kuwa ko leɓen mutum ba ta bari. Yana datsewa rigar ta tsage, ganye ya fara zuba kamar busasshen rama. Ga shi kuma masana harkar sun daɗe suna cewa akwatin Cohiba mai murfin gilashi alamar jabu ce. Wato ya biya kuɗin Kuba, Allah kaɗai ya san gonar da aka yanko ganyen.

Akwai wani Baba, tsohon soja, da ke zama kusa da mu. Kun san garin nan, gida nawa ne babu tsohon soja? Ya karɓa ya shinshina, ya zaro 'yar kwalbar taba garinsa daga aljihu ya shinshina ita ma, ya ce mana uwarsu ɗaya, sai dai ɗaya ta je makaranta. Muka yi ta dariya. Amma Baba ya fi mu gaskiya, kuma ga dalili.

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, amma tun farkon shekarun 1600 ta iso Afirka ta Yamma, har malamai irin su Ahmad Baba na Tumbuktu suka yi rubutu a kan hukuncinta. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya ratsa ƙasar Hausa a shekarun 1850 ya ambaci yadda tabar Katsina ke da daraja har Tumbuktu. Kakanninmu sun sha ta a lofe, sun shaƙa, sun ɗura a baki, mata sun goga furenta a haƙori. To me ya sa mai taba gari yake haɗa ta da kanwa? Kanwa ce ke sa sinadarin nikotin ya ratsa fatar cikin baki da sauri ya shiga jini. Hayaƙin tabar Kuba shi ma haka yake, saboda yadda aka sarrafa ganyen: tun a baki nikotin ke shiga jiki, ba sai ya sauka huhu ba. Shi ya sa ba sa haɗiyewa. Ba don tsaro ba ne, don ba sa buƙata ne. Attajirin da ke kujerar fata da Baba mai kwalba hanya ɗaya abin ke bi ya kama su.

Sai maganar yawa. Karan sigari bai kai giram ɗaya na taba ba. Babbar tabar Kuba tana ɗauke da giram 5 har zuwa 20, wato guda ɗaya tana iya kai kwalin sigari cikakke. Hayaƙin kuma awa guda yana wanke leɓe, harshe, dasashi da maƙogwaro. Nan ne sankarar masu shan ta ta fi kamawa: baki, maƙogwaro, da hanyar abinci. Sigmund Freud, wanda duk ɗalibin da ya yi ilimin halayyar ɗan Adam ya haddace sunansa, ita yake sha. A 1923 aka gano masa sankarar muƙamuƙi, aka yi masa tiyata sama da 30, ya mutu a 1939. Na san wani zai ce ai Churchill ya sha ta ya kai shekara 90. Haka ne, kowace unguwa ma tana da tsoho ɗaya irin wannan, sai dai ba a ƙirga abokansa da aka binne. Shi kansa Castro da aka ƙirƙiri Cohiba dominsa ya daina sha a 1985.

Yanzu mu dawo gida, don a nan abin ya fi damuna. Mu shagon tabarmu shi ne teburin ɗan tireda a bakin tasha, tsakanin alewa da ashana da maganin sauro. A can ma ana kwatance, kar ku ɗauka babu. Yaro ɗan shekara 15 zai gaya maka wacce ce mai sanyi a maƙogwaro, wacce ce mai kaifi, wacce ce ƙanshinta ba ya kama riga balle Mama ta gane. Salon magana ɗaya ne da na mai bidiyo, kuɗin ne ya bambanta. A tsakaninsu kuma ga shisha da ƙanshin tufa da na'ana'a, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zama ɗaya a kanta yana iya kai hayaƙin karan sigari 100 ko fiye.

Kuma muna da doka. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana a sa yaro ya sayar, ta kuma ce sigari a kwali mai kara 20 za a sayar da shi, ba ɗai-ɗai ba. Ƙa'idojin 2019 suka zo da hoton gargaɗi, wanda a 2021 ya fara da cin rabin kwali. Ku ɗauki kwali ku duba, hoton ba ya kallo. To amma wa ke ganinsa? Yaron da ya miƙa canjinsa aka zaro masa kara ɗaya, kwalin yana hannun mai tireda, bai taɓa haɗa ido da hoton ba. Mai tabar Kuba kuma abin da ke jikin karansa zoben takarda ne mai ruwan zinare, shi ne ake nuna mana a kyamara. A 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a finafinai da bidiyon waƙa, amma wayar da ke hannun ƙanenka ba ta bi ta ofishinsu kafin ta nuna masa.

Ban ce a je a kifar da teburin kowa ba. Mai tireda ɗan'uwanmu ne, da ribar karan nan yake sayen hatsi, kuma da yawansu ba su taɓa jin wannan doka ba. Abin da nake roƙo a wannan makon ƙarami ne. Kowa ya bi hanyar makarantar sakandaren da ta fi kusa da gidansu, ko Rikoto ce ko Rafin Zuru ko ƙauyenku, ya ƙirga tebur nawa ne ke sayar da kara ɗai-ɗai tsakanin ƙofar makaranta da titi. Ba hoto, ba sunan kowa, adadi da unguwa kawai. Ku turo mana, mu haɗa, mu kai wa shugabannin makarantu da masu unguwanni, mu nemi a zauna da masu tiredar.

Wanda kuma ya riga ya fara sha yana son bari, ya turo saƙo ta akwatin sirri, ba mai jin sunansa.