An Haɗa Inji A Gida, Ya Ƙi Lafiya: Ina Za A Fara Dubawa?



Yau zan yi magana ne a kan motar da kowa ya sani a ƙauyukanmu, wato Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A da an daɗe ana haɗa ta a Kaduna, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Har yanzu akori-kurarta tana kai hatsi da awaki kasuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin komai ya tashi. Saboda haka in inji ya buga, da yawa ba sa kai shi birni. Sai a sauke shi a ƙofar gida, a sayo fistin da zobe da metal da gaskit, a kira yaro mai hannu a haɗa. Wannan ba laifi ba ne. Damuwar tana zuwa ne ranar da aka gama, aka murɗa makulli, inji ya ƙi tashi, ko ya tashi yana zafi da hayaƙi.

A nan ne mutane suke yin asara. Rai ya ɓaci, sai a ce a sake kwance shi gaba ɗaya. Ni shawarata ita ce kada a yi gaggawa. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, kuma a riƙa taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka taɓa kabureta da dilko da bawul duk a tare, ko motar ta gyaru ba ka san abin da ya gyara ta ba.

Mu fara tun kafin a tayar. Ka sa sifana ka juya injin da hannu sau biyu. In yana juyawa da ɗan nauyi, ba komai, sababbin zobba ne. In ya cije a wuri ɗaya, tsaya. Wataƙila an musanya murafen metal, an sa na wannan a wurin wancan. Shi ya sa yake da kyau a rubuta lamba a kan kowane ƙarfe lokacin kwancewa. Ku da kuka koyi rubuta 1, 2, 3, 4 a aji, ga ranar amfaninsa.

Daga nan ka zuba baƙin mai da ruwa. Ka cire fulogogi huɗun nan, ka cire wayar kwil, ka yi ta ba shi sitata kaɗan-kaɗan har jar fitilar baƙin mai ta mutu. Wannan ya nuna mai ya zagaya. Bayan an tayar, in fitilar ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe injin nan take. Kada ka ce bari ya ɗan yi ɗumi. Sabon metal ba ya jure minti biyu babu mai. Wani lokaci wayar fitilar ce kawai ta taɓa ƙarfe, wani lokaci kuma famfon baƙin mai ne bai ja ba. Ka bincika injin yana kashe.

To, in ya ƙi tashi fa? Inji yana bukatar abu uku: fetur, wuta, da matsin iska a cikin silinda. Fetur da sauƙin dubawa. Ka leƙa bakin kabureta, ka ja totur, ka ga ko yana fesowa. Amma don Allah a daina tsiyaya fetur a bakin kabureta ana ba da sitata. Wuta tana iya tasowa ta lashe fuskar mutum.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wayoyin fulogi. Ku riƙe wannan jeri: 1, 3, 4, 2. Haka wuta take bin silinda. Sai dai akwai wani abu da yake ruɗa mutane. A injin Fijo, silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wadda take kusa da giya. Ba ta gaba ba ce, ta kusa da fanka. Fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa sama. Amma sa'ad da ɗaya yake matse iska da fetur yana jiran wuta, ɗayan hayaƙi yake turawa waje. In ka juya lissafin, wuta za ta je wa mai fitar da hayaƙi. Sai ka ji motar tana tari, tana harbi ta kabureta ko ta salansa, amma ba ta tashi. Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka cire fulogin silinda ta ɗaya, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya injin da sifana. Sa'ad da ka ji iska tana ture yatsanka, fistin yana hawa a kan matsi ke nan. In ya kai ƙarshe, duba inda hancin dilko yake nunawa. Nan ne gurbin wayar farko. Sauran su bi ta yadda dilko yake juyawa.

In wuta da fetur duk suna nan, duba bawul. In an ɗaure su da yawa ba sa rufewa sosai, iska sai ta tsere. Ana saita su ne inji yana sanyi. Na shigar iska tazararsa milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Da ma'aunin nan mai siraran ƙarafa ake aunawa, ba da ido ba.

Yanzu inji ya tashi. Kada a bar shi yana aiki a cikin zaure ko shago a rufe, hayaƙinsa yana kisa. Ka tsaya kusa da shi, ido a kan allurar zafi. In ta yi sama da sauri, sau da yawa iska ce ta maƙale a hanyar ruwa, ko fanbel ya yi sako-sako, ko wuta tana zuwa a makare. Kashe shi, ka bari ya huce da kansa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Kada kuma ka sheƙa wa kan inji ruwan sanyi. Da alminiyam aka yi shi, yana iya lanƙwashewa.

Bari in ba ku labarin abin da ya same mu a gidanmu. Ƙanena yana da akori-kura. Aka haɗa injinta ana gab da kaka. Kwana biyu da fara aiki, ya zaro sandar awon baƙin mai, sai ya ga mai ya zama kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga mai ke nan. Kowa ya ce gaskit ne. Aka sayo sabo aka sa. Bayan kwana uku abin ya dawo. Aka sake sayen wani. Sai da wani tsohon makanike ya tambaye mu: "Da kuka cire kan injin, akwai wanda ya juya shi?" Muka ce e, yaron ya juya don ya goge saman fistin. Ya ce to, a nan ciwon yake.

Ga bayaninsa. Silindar Fijo ba a jikin inji aka huda ta ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa yana kewaye da su. A gindin kowanne akwai siririn abin toshewa da yake raba ruwa da baƙin mai. Kan inji ne yake danne su. In an cire shi aka juya inji ba a danne silif da noti da faifan ƙarfe ba, fistin yana iya ɗaga silif ɗin. Ko ya koma wurinsa, toshiyar ta riga ta lalace. Mun yi asarar gaskit biyu da baƙin mai galan biyu, kuma motar ta rasa kasuwa uku a tsakiyar kaka. Saboda haka in ka ga ruwa a mai bayan ka sa sabon gaskit, kuma ka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe yadda ya kamata, tuna da gindin silif. A nan kam dole a sake kwancewa. Kada a ƙara tafiya da motar ko zuwa bakin kasuwa, domin mai da ya gauraya da ruwa ba ya kare metal.

Hayaƙi ma yana ba da labari. Baƙi, fetur ya yi yawa, sai a duba cok da kabureta da matatar iska. Shuɗi, baƙin mai ne yake ƙonewa. Kaɗan a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, zobba ba su gama zama ba. In ya ƙi raguwa, mai yiwuwa an kifa zobe, ko an jera bakunan zobban a layi ɗaya. Zoben da aka yi wa alama a gefe ɗaya, alamar sama take kallo. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa, ruwa ne yake shiga silinda.

Sai ƙara. Ƙaramar ƙara kas-kas-kas daga sama, yawanci bawul ne ya yi sako-sako, saiti kawai yake so. Amma bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar ana daka a turmi, wanda yake ƙaruwa in an taka totur, wannan metal ne. Kashe mota.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na san zai fi yi muku wuya, domin an kashe kuɗi ana son a mayar. Sabon haɗi ba ya son kaya mai nauyi. A kilomita 1,000 na farko a rage lodi, a bar gudu, kada kuma a bar mota tana nishi a babbar giya a kan hawa ko cikin yashi. Kowace safiya a duba ruwa da baƙin mai, a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. In an cika kilomita 1,000, a zubar da man a sa sabo da sabuwar matata, domin na farkon ya kwashi garin ƙarfe. A bar inji ya kwana ya yi sanyi, a sake ɗaure notunan kai, sannan a sake saita bawul. Wanda agogon motarsa ya mutu, ya rubuta tafiyarsa ta kowace rana a ɗan littafi, ya riƙa tarawa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.