Intanet Mai Sauri: A Ƙara Kuɗi Ko A Dakata?

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, musamman na ƙasar Arewa: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, da na wajen Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa.

Hirarmu ta yau wani ɗalibina ne ya kawo ta. Dattijo ne manomi, shekara biyu ke nan da ya fara karatu. Ɗansa da ke cin rani a Abijan ya aiko mishi da kuɗi, ya ce a sa intanet mai sauri a gida, don in sun yi waya hoton uwarsa tsayawa yake yi, murya tana yankewa. Dattijon ya ce mini: "Malam, rumbuna ba zai kai damana ba. In sayi abin nan ko in sayi hatsi?" Ban ba shi amsa nan take ba. Na ce mu zauna mu yi lissafi, tunda lissafi muke koyo.

Da farko mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai sauri, akwai yawa. Ku ɗauki tonon ruwa da ƴan garuwa ke turawa. Yawan ruwan da ke cikin tono shi ne forfe ɗin da kunka saya, mega ko giga. Faɗin tiyon da ruwan ke fita shi ne sauri. In ka sake tiyo ka sa babba, ruwa bai ƙaru ba, tonon ne zai ƙare da wuri. Haka intanet take. Saƙon murya na minti guda bai cin ko mega ɗaya, amma kallon bidiyo na awa guda yana iya cin rabin giga, ko giga cur in hoton ya yi kyau ƙwarai. Giga ɗaya kuwa mega 1000 ce. In rezo ya yi sauri, salula da kanta take zaɓen hoto mai kyau, sai ka ga forfe na mako ya ƙare cikin kwana biyu, ka ce an cuce ka.

Ni kaina na faɗa ramin nan. Lokacin da nike shirya darussa a makarantar horon malamai, na sayi ɗan akwatin wifi, ina zaton matsalata ta ƙare. Ashe akwatin daga antenar da salulata ke sha shi ma yake sha. In an yi sallar lisha, gari duka ya hau rezo, da akwatin da salular duk tsaye suke. Da asuba kuwa abin kamar walƙiya. Kuɗina sun tafi, abin da ya canza kawai shi ne na koyi tashi da wuri.

Saboda haka, kafin ku taɓa aljihu, ku binciki inda ciwon yake. Ku dubi saman gilashin salula kusa da sandunan rezo. In kun ga harafin E, wannan mai nawa ne ƙwarai. In kun ga 3G ko H, da dama-dama. In 4G ne, to, ya isa a yi waya da hoto. Tsohuwar salula wadda ba ta san 4G ba, ko an kafa antena a ƙofar gidanka ba ta amfana. Ku gwada cikin ɗaki, ku gwada tsakar gida, don katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna tare rezo, haka ma duwatsun nan namu. Ku ari salular maƙwabci mai wani sim daban. Kamfani huɗu ne ke aikin salula a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, da Niger Telecom da anka kafa a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom. Wanda ya fi ƙarfi a wannan ƙauye ba lalle ne shi fi a na gaba ba. Ku kuma ƴan bakin iyaka, ku lura, salula tana iya kama rezon Nijeriya ba ku sani ba.

Akwai kuma ciwon da ba na gidanka ba ne. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta wayoyin maƙwabta take shigowa. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace wajen Kodibuwa, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma sunka ji a jikinsu, mai forfe babba da mai ƙarami.

To, sai maganar faifan nan na Starlink, wanda ɗan dattijo ke nufi. Ya fara aiki a Nijar bisa izini a watan Maris 2025. Shi bai bukatar antenar gari, da taurarin ɗan'adam yake magana, masu shawagi kamar kilomita 550 sama da mu. Sauri kam akwai shi, ban musu ba, ko cikin daji. Amma sayen faifan daban, kuɗin wata daban, kuma shina cin wuta. Babban yana shan wat 75 zuwa 100, ƙaramin wajen 25 zuwa 40. Gidan da ba kuran sai an ƙara pano da batir. Masu kuran ma ba su manta da 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke muna wuta tun watan Agusta har cikin Maris 2024. Ruwan sama mai ƙarfi kuma yana katse shi.

Ga lissafin da munka yi, ku rubuta a allo. Wannan misali ne, kowa shi sa nasa adadi. Gida mai salula 3, kowace tana cin jikka 2 a wata: jikka 6 ke nan, a shekara jikka 72. A ce sabon abu jikka 25 ne a wata: a shekara jikka 300. Kuma forfe ɗin salula bai faɗi ba, don wifi bai bin mutum gona ko kasuwa. Ku je ku tambayi kuɗin buhun hatsi ranar kasuwa, ku raba 300 da shi.

Ni a ganina, gida guda wanda bukatarsa gaisuwa ce da saƙon murya bai kamata shi ɗauki wannan kaya ba. Inda ya dace shi ne inda kai ya yi yawa: ƙungiyar masu lambu, gidan likita, lakwal, ko cibiyar yaƙi da jahilci. Gidaje 10 in sun raba jikka 25, kowa jikka 2 da rabi. Iyayenmu haka sunka yi da rediyo: tun 1962 da anka kafa kulob-kulob na rediyo, akwati guda gari ke zagayewa. Sai dai a rubuta sunan mai riƙon kuɗi da ranar biya, kuma wanda ke son sayar ma jama'a da wifi shi nemi izinin hukumar ARCEP tukuna.

Dattijonmu da munka duba salularsa, E munka gani. Ya sayi wata mai 4G, sauran kuɗin ya auno hatsi. Yanzu bayan sallar asuba yake fita bakin garka, shi da tsohuwa, su kira Abijan.

Malaman cibiyoyi, aikin wannan mako: kowane ɗalibi shi rubuta harafin da ya gani a salularsa safe da dare, kwana bakwai, da kuɗin da ya kashe. Ku aiko muna da takardun. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.