Jawabin Sakataren Gidauniya Kan Ɗaukar Nauyin Karatun Digiri na Biyu da na Uku

 



Daga cikin buƙatun da ke zuwa ofishinmu akwai wadda ta fi ba mu wahalar amsawa: ɗalibin da ya kammala digiri na farko, ya sami gurbin digiri na biyu, amma ba shi da halin biya. Lamarin ya shafe mu kai tsaye. A yau Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da Kwalejin Yusufu Bala Usman. Kujerar koyarwa a irin waɗannan makarantu tana neman babban digiri. Idan 'ya'yanmu na Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua suka tsaya a digiri na farko, za a gina makarantu a ƙofar gidanmu, mu kuwa mu zama 'yan kallo.

Hanyoyin da ake da su sanannu ne, kuma muna roƙon limamai su riƙa sanar da matasa. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatu, amma ga malaman da ke aiki a manyan makarantun gwamnati. Asusun PTDF yana tura ɗalibai digiri na biyu da na uku a fannonin da suka danganci man fetur da makamashi. Tallafin Chevening na Ingila yana neman wanda ya yi aikin shekara 2 aƙalla. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana da nasa tallafin. Bashin NELFUND na dokar 2024 kuwa an fara shi ne da ɗaliban digiri na farko da na difloma. Duk ƙofofi ne na alheri, sai dai ƙunci gare su. Ɗan manomin da bai sami aiki ba, wanda ke son zurfafa karatun Larabci ko lissafi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Bayero, sau da yawa ba ya shiga ko ɗaya.

To, ina matsayin zakka? Allah Ya iyakance masu cin ta zuwa kashi 8 a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ɗalibi matalauci yana shiga sahun fakirai, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana iya ba fakiri abin da zai ishe shi shekara guda. Amma digiri na biyu yakan ci shekara 2, na uku ya ci 3 ko fiye, zakkar noma kuwa tana bin damina ne. Ba daidai ba ne mu tura yaro Zariya da zakkar bana, baɗi gero ya yi ƙaranci mu bar shi a tsakiyar kogi.

Nan ne wakafi ya fi dacewa, domin ana tsare asalinsa, a ciyar da amfaninsa, kamar yadda Annabi (SAW) ya shiryar da Sayyidina Umar game da gonarsa ta Khaibara. Da wakafi Azhar ta Masar ta rayu ƙarnuka tana ciyar da ɗalibai. Malaman Malikiyya sun halatta ma wakafin kuɗi domin a riƙa ba da shi rance.

Saboda haka muna gabatar muku da shawarwari uku. Na farko, a buɗe asusun wakafi na musamman domin babban karatu, dabam da asusun zakka. Mai shago a kasuwar Daura ko ta Mai'adua, da mai gona ko gidan haya, kowa na iya tsayar da nasa. Na biyu, kuɗin makaranta ya zama rance marar ruwa, wanda ɗalibi zai riƙa biya sannu a hankali bayan ya sami aiki, domin na baya ya samu. Zakka kuwa ta tsaya kan abinci da masaukin wanda ya cancanta. Na uku, kwamitin masallacin unguwa ne zai shaidi halin ɗalibi da buƙatarsa, maza da mata, ba tare da duba ɗan wane ne ba.

Ba za mu ɗauki ɗalibi ba sai kuɗin kammalawarsa yana hannu. Gara mu ɗauki biyu su gama, da mu ɗauki goma su dawo rabin hanya.