Ƙwayar diyazefam: ku karanta kwali kafin ku sha

Yau hirarmu a kan wata ƙwaya ce mai suna diyazefam. A jikin kwali za ku ga an rubuta Diazépam ko Valium. Tun shekarar 1963 ake aiki da ita.

Wani lokaci mutum ya ɗaga buhun hatsi, sai tsokar baya ta ɗaure, ya kasa miƙewa. Lokotoro yana iya rubuta masa ƙwayar nan ta ƴan kwanaki, don tsokar ta saki. A gidan likita kuma ana ba da ita ga mai ciwon tetanos da yaron da ke jijjiga. Magani ne na gaske.

Amma fa ba bayan kaɗai take saki ba. Jiki duka take saki, har da kai. Tana kawo barci, jiri da mantuwa, kuma tana daɗewa cikin jini. Wanda ya sha da dare, da safe ma bai gama wartsakewa ba. Don haka ɗan kabu-kabu da direba su ajiye tuƙi. Mai jan ruwa ya nisanci bakin rijiya. Tsoho kuwa a kama masa hannu, don faɗuwa ɗaya tana karya ƙugu.

Kada a haɗa ta da giya ko tramol. Haɗin nan yana rage numfashi, mutum ya kwanta bai tashi ba. Mace mai ciki ko mai goyo ta faɗa wa lokotoro tun kafin ya rubuta, don ƙwayar tana kaiwa ga jariri.

Ga inda karatunku zai yi aiki. Akwai ta miligiram 2, akwai ta 5, akwai ta 10. Ta 10 guda ɗaya daidai take da ta 5 guda biyu. Ku duba lambar kwali, ku gwada da ta takardar lokotoro. Ku karanta yawan kwanakin. Mai tallar magani a kasuwa ba ya tambayar wannan, kuɗinsa kawai yake so. Ni dai na ce, farmasi.

Wanda ya yi makonni yana sha, jikinsa ya saba. In ya daina rana ɗaya, barci ya ƙi zuwa, hannu ya yi ta rawa, har yana iya jijjiga. Irin wannan mutum ya koma gidan likita, a rage masa sannu-sannu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.