Zangon Hausawa na Inugu: Ƙasarsa, Tarihinsa da Zaman Jama'arsa

 

An nemi in yi bayani a kan zaman Hausawa a biranen Gabas, wato Fatakwal da Anacha da Inugu, amma da yake lokaci ƙanƙane ne, kuma wanda ya ɗauki kaya uku a kai ɗaya ba safai yake kai ko guda gida ba, na ga ya fi dacewa in tsaya a kan Inugu, in riƙa leƙa sauran biyun inda magana ta kai mu. Abin da nake so mu fahimta shi ne, zangon nan da muke kira masauki ya daɗe da zama gari, da sarkinsa da limaminsa da kasuwarsa da maƙabartarsa, alhali kuwa da yawa daga cikinmu har yau suna zaune cikinsa zaman wanda jirginsa zai tashi gobe da asuba.

Mu fara da ƙasar kanta. Inugu tana kwance ne a gindin duwatsun Udi, kuma duk wanda ya taɓa gangarowa ta tsohuwar hanyar dutsen Milliken, mota tana karkata dama da hagu, kwazazzabo yana hangame a gefe, ya san yadda garin yake bayyana a ƙasa farat ɗaya. Ƙoramu irin su Ekulu da Asata da Ogbete sun ratsa shi, ƙasarsa ja ce mai saurin zaizaya, damina tana kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba, ruwan da ake samu kuma ya kai kusan ninki biyu na Kano. Wannan lema da duhuwar itatuwa su ne gidan ƙudan tsando, shi kuwa tsando ba ya barin shanunmu masu tozo su yi ƙarko a kurmi. Ga jama'a mai yawa tana son nama, ga ƙasa ba ta riƙe garke: a nan asalin zuwan kakanninmu yake.

Shi kansa birnin jariri ne in an gwada shi da Katsina ko Kano. A 1909 Turawa suka gano kwal a duwatsun Udi, a 1915 aka fara haƙa, kuma domin a fitar da shi zuwa teku ne aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, wadda Gwamna Lugga ya sa wa sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mallaka na Ingila. Layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, a 1917 aka ba Inugu matsayin gari. Sa'an nan dogon ya miƙa arewa ta Makurɗi da Kafanchan, kuma da aka gama gadar kogin Binuwai a 1932, sai saniyar da a da take shafe makonni ana kora ta a ƙasa, tana ramewa a hanya, ta koma isowa cikin tarago da sauran kitsenta. Anacha kam labarinta dabam ne, domin kogin Kwara ne hanyarta, kuma fatake Nufawa da Hausawa suna sauka gaɓarta da jiragen kwale-kwale tun kafin a san dogo. Sunayen tituna irin su Bida da Sakkwato da ke cikinta shaida ne.

Wanda yake son ya ga yadda ake mulkin zango, to ya yi sammako ya je kara, ko ta Gariki ko ta Ugwuoba. Tirela ta kwana tana tafiya daga Potiskum ko Mubi, an buɗe ƙyaure, yara suna janyo shanu da igiya, su kuwa suna tangaɗi don tsayuwar hanya. Mai shanu baƙo ne, bai san kowa ba, ba ya jin Ibo, saboda haka sai ya sauka hannun maigidansa, wanda zai ba shi wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Mahauci ɗan ƙasa ya zo ya dafa tozo, ya duba haƙori, ya taya. Dillali ya ce albarka. A yi ta ja har a sallama, a cire la'ada. Sau da yawa bashi ake bayarwa, ba takarda ba sa hannu, sai dai maigida ya tsaya a kan cewa mahaucin nan zai biya. Dukiya mai yawan gaske tana yawo a kan kalmar mutum ɗaya, in kuma aka sami saɓani, kafin a je ga 'yan sanda an je ga shugabannin kara, in ta faskara a kai gaban Sarkin Hausawa. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a babin ciniki game da amana da lamuni da wakilci, ga shi nan muna ganinsa a aikace cikin taɓo da kashin shanu. Haka abin yake wajen 'yan canji na titin Owerri a Asata, kusa da babban masallaci, da masu albasa da tumatir da wake, da masu tsire da masu shayi da ke raya dare.

Yanzu ga mas'alar da ta fi damuna. A 1956 aka ɗaga darajar Inugu ta zama birni mai magajin gari, kuma mutumin da ya fara hawa wannan kujera shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, wanda ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe ya yi mata aiki har aka san shi, ya riƙe muƙamin zuwa 1958. Ku duba fa, a hedikwatar Jihar Gabas ke nan, garin da mafi yawan masu ƙuri'arsa Ibo ne kuma Kirista. Ana yawan kawo wannan labari don yabon karamcin mutanen Inugu, kuma lalle sun cancanci yabo, sai dai akwai rabin labarin da ya shafe mu, wanda ba mu cika faɗa ba: mutumin bai tsaya a bakin kara yana jiran a kira shi ba, ya halarci taro, ya yi jayayya a kan al'amuran gari, ya ɗauki matsalar ruwa da hanya da kasuwa a matsayin tasa.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma suna da hujja. Fitinar 1966, wadda a cikinta aka kashe Ibo masu yawa a garuruwan Arewa, ta sa 'yan Arewa da ke Gabas su ma suka bar gidajensu, wasu ba su kai gida ba. A ranar 30 ga Mayu 1967 aka yi shelar Biyafara a wannan gari, sojan tarayya suka shige shi a watan Oktoba, yaƙi bai ƙare ba sai Janairun 1970. A Fabrairun 2006 ma jini ya zuba a Anacha bayan wanda ya zuba a Maiduguri. Wanda ya ga irin wannan, in ya ƙi gina gidan bulo ya gwammace ya aika kuɗinsa gida, ba a ce ya yi wauta ba. Amma mu lura, bayan kowace fitina mutane sun komo, domin bukatar da ta haɗa mu tana nan, kamar yadda Ibo suka koma Sabon Garin Kano suka buɗe shagunansu. Kuma abin da aka jarraba shi ne, ranar tashin hankali wanda maƙwabcinsa ya san sunansa da sunan 'ya'yansa ya fi samun mai ɓoye shi. Haƙƙin maƙwabtaka da shari'a ta wajabta bai keɓanta ga maƙwabci Musulmi ba.

Akwai yara a zangon nan da aka haifi iyayensu a Asata, suna jin Ibo kamar Hausa, amma in an tambaye su garinsu sai su ambaci wani ƙauye a Arewa da ba su taɓa kwana cikinsa ba. Zangon Hausawa na Sabo a Ibadan ya sami wani masani, Abner Cohen, da ya zauna cikinsa ya wallafa littafi a kansa a 1969. Mu kuwa mafi yawan tarihinmu yana ƙirjin tsofaffi, kuma kowace shekara muna raka wasu maƙabarta.

Saboda haka roƙona ga Sarki da majalisarsa shi ne a naɗa matasa masu ilmi su zauna da dattawan nan, su rubuta jerin sarakunan zango da limamansa da gidajen da suka fara sauka. Ga iyaye kuma, a haɗa wa yara allo da boko a nan inda suke. Ga kowane baligi, ya yanki katin zaɓe a mazaɓar da yake kwana, ya biya harajinsa ya karɓi rasit, ya je taron unguwa ko da ba a aiko masa ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.