Jawabi A Kan Karen Fitbul Da Masu Ɗaukarsa Riƙo A Ƙasashen Turawa

Abin da zan yi magana a kansa yau wani irin kare ne da a ke kira fitbul, da yadda mutanen Ingila da Amurka su ke gardama a kan ko ya halatta mutum ya ɗauko shi riƙo ya sa cikin iyalinsa. A wurinmu aikin kare farauta ne da gadi, amma can ɗan gida ne, yana kwana ɗaki, yara suna wasa da shi. Saboda haka gardamar ba ta wasa ba ce, ta shafi rayukan yara da na maƙwabta.

Bari mu fara da asalinsa. A zamanin da, mutanen Ingila suna da wata al'ada ta ɗaure bijimi su saki karnuka su far masa, jama'a suna kallo suna caca. A cikin 1835 Majalisar ƙasar ta yi doka ta hana wannan. Sai masu caca suka koma haɗa kare da kare faɗa a ɓoye, cikin wani ɗan fage mai kama da rami. Daga kalmomin Turanci biyu masu nufin rami da bijimi sunan ya fito. Baƙi suka ƙetare da shi Amurka, a 1898 kuwa aka fara rajistarsa can a kan iri mai zaman kansa. Ba ƙato ba ne, nauyinsa kamar kilo 14 zuwa 27, amma yana da ƙirji da ƙarfin muƙamuƙi, in ya kama abu kuwa ba ya son saki.

To, a waɗannan ƙasashe akwai gidaje da a ke tara karnukan da suka ɓata ko iyayengijinsu suka yasar. Na Battersea da ke Landan, wata mace Mary Tealby ta kafa shi tun 1860. A ciyad da kare, likitan dabbobi ya duba shi, sa'an nan a nemi wanda zai riƙe shi. Fitbul da masu kama da shi suna da yawa a irin gidajen nan na Amurka, su ne kuma su kan daɗe ba a ɗauka ba, don tsoron da a ke yi musu.

A nan hukumomi suka rabu biyu. Kashi na fari suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kare da aka tsara kakanninsa don faɗa ba abin amincewa ba ne. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce, gama an sha samun karnukan nan sun yi wa mutane mummunan rauni, har da kisa. Bisa ga wannan ra'ayi Ingila ta yi dokar karnuka masu haɗari a 1991, ta hana kiwon fitbul da sayarwa da kyautarwa, shi da waɗansu iri uku. Wanda kotu ta yarda ya riƙe nasa, tilas a fiɗiye karen, ba ya fita sai da takunkumi da igiya. Gidan tara karnuka kuwa ba shi da ikon ba kowa shi, kome kyan halinsa, sai dai a kashe. Lardin Ontariyo na Kanada ya bi wannan hanya a 2005.

Kashi na biyu suka ce a'a, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, a duba halin kowane kare da halin ubangijinsa, kada a yanke hukunci a kan siffa. Suka ƙara da cewa ko ma'aikatan gidajen nan su kan yi kuskure wajen gane irin kare da ido. Ƙasar Holan ta hana fitbul a 1993, ta janye hanin a 2008. Birnin Denba na Amurka ya hana a 1989, amma a 2020 jama'ar birnin suka jefa ƙuri'a aka mai da hanin ya zama lasin, watau sai mai kare ya kai shi an duba an rubuta, kada kuma gida ɗaya ya wuce biyu.

Ga wani labari da ya ƙarfafa kashi na biyun. A 2007 aka kama wani shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, Michael Vick, da laifin haɗa karnuka faɗa a jihar Bajiniya. Aka ɗaure shi wata 23, aka karɓe karnuka wajen hamsin. A da, kashe irin waɗannan a ke yi gaba ɗaya. Amma wannan karon kotu ta sa masana su gwada su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak aka kashe saboda mugun hali. Aka raba 47 ga ƙungiyoyin jin ƙan dabbobi, da yawansu kuwa daga baya suka zauna lafiya cikin gidajen mutane. Sai dai ku lura, 22 mafiya wuya wani gidan kula da dabbobi aka kai su a jihar Yuta, waɗansunsu kuwa can suka ƙare kwanansu. Ashe dai ba kowane ne ya gyaru har ya shiga cikin yara ba.

Don haka gidajen da suka san aikinsu ba su ba da kare sai da sharuɗɗa. Su kan gwada halinsa gaban mutane da gaban 'yan'uwansa karnuka, su fiɗiye shi, su yi masa allurar rigakafin hauka. Sa'an nan su tambayi mai nema: gidanka da katanga? Kana da ƙananan yara? Wa zai lura da shi in ka fita? Su gargaɗe shi kada ya bar yaro da kare su kaɗai, ko da na ɗan lokaci.

Ranku ya daɗe, me ya kawo wannan magana gabanku? Yanzu a kan sayad da irin karnukan nan na waje a manyan biranen Nijeriya don gadi, in ɗayansu ya ciji ɗan maƙwabci kuwa, ƙofar mai unguwa da dagaci da hakimi za a fara zuwa. Ran nan kada tambayarku ta tsaya ga irin karen. Ku tambaya wa ke da shi, ina ya ke tsare shi, ina takardar allurarsa. Wanda aka ciza a wanke raunin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi asibiti nan take. Malamai kuwa ku rubuta kome, rana da wuri da shaidu, don in ta sake faruwa a sami abin dubawa.

Ku lura kuma da wannan: ƙasashen da suka hana da waɗanda suka bari, duk sun haɗu a kan abu guda, watau mai kare shi ke ɗaukar alhakin abin da karensa ya yi. Wannan shi ne abin da na ke roƙo ku isar wa talakawanku.