Injin Da Ake Juyawa Da Hannu Kafin A Tayar

A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ɗauko injin jirgin sama ta saka wa tankar yaƙinta, Sherman. Silinda 9 gare shi, a jere a zagaye. Iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto. Amma fa in ya kwana, baƙin mai kan taru a silindojin ƙasa. Mai ba ya matsuwa, in an tayar haka sai sandar fistin ta lanƙwashe. Shi ya sa sojoji kan fara juya shi da hannu.

To kai mai babur, haka ruwa yake. In mashin ya nutse a gulbi da damina, kada ka buga kik. Kwance fulogi, ka fitar da ruwan tukuna.